Filin Masu Aikin Hannu: Ƙaramin Jirgin Ƙasa Daga Gusau Zuwa Ƙaura

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga jihar Zamfara suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya ne: ƙera ƙaramin jirgin ƙasa da zai yi tafiya a kan dogonsa. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita su. Kafinta da mai gyaran rediyo da malamin zanen fasaha na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Wani kafinta daga Gusau: An ba ni tsofaffin mujallun Turawa na masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa. Rabin shafukan tallan kayan da babu su a kasuwarmu ne. Akwai abin da mai aiki da hannu zai ƙaru da shi a ciki, ko kallon hoto ne kawai?

Malam, kada ka rabu da su. Tsofaffin ma sun fi yi maka amfani a kan sababbi. Mujallar Model Railroader ta fara fitowa a birnin Milwaukee na Amurka a 1934, Railroad Model Craftsman ta riga ta da shekara ɗaya, Railway Modeller ta Ingila kuma tun 1949 take fitowa. A shekarun 1950 da 1960 masu karanta su da yawa da kwali da katako da gwangwani suke aiki, don kayan da aka gama haɗawa a masana'anta ba su yi yawa da arha kamar yanzu ba. Halin da suke ciki a lokacin shi ne halin da kake ciki a Gusau yau, don haka dabarunsu za su yi maka daidai.

Ka tsallake tallan, ka nemi zanen awo. Shi ne shafin da aka zana tarago ko kan jirgi ko ginin tasha ta gefe da ta gaba da ta sama, da lambobin tsawo da faɗi. Wannan shafi ɗaya ya fi hotuna hamsin daraja, domin ido yana ruɗin mutum: wanda ya ƙera tarago da ido kusan kullum sai ya fito gajere mai kauri, da manyan tayoyi. Bayan zanen sai jerin kayan aiki da marubucin ya lissafa. Ba lallai ka sami irinsu ba, kaurinsu kake nema. Idan ka ga .020 na inci, rabin milimita ke nan; .040 milimita ɗaya ne. Inci guda milimita 25.4. Da ka san kaurin sai ka nemi abin da ya yi daidai da shi a kusa da kai. Tsohon katin banki, alal misali, kaurinsa milimita 0.76 ne, kuma yana kama gam ɗin bututun ruwa.

Kada ka raina shafin wasiƙun masu karatu. A nan ake gyara kuskuren da aka yi a zanen watan baya, a nan kuma wani zai ce ya gwada dabarar ta ƙi, ga dalili. Idan kana da fitowa biyu ko uku a jere, ka duba na gaba kafin ka yanka komai.

Ɗaya abin lura: zanen yana zuwa a ma'aunin da mujallar ta zaɓa, wato yawan yadda aka rage girman ainihin jirgi, ba lallai ya zama naka ba. Ka kai wa mai fotokofi ya faɗaɗa ko ya rage. Bayan an buga ka auna layin awon da ke jikin zanen da rula, a tsaye da a kwance, domin wasu injunan suna ɗan ja ta gefe guda. Idan lambar da aka rubuta ta saɓa da abin da rula ta nuna, lambar za ka bi.

Wani ɗalibin kwalejin fasaha daga Ƙauran Namoda: Ina son in yi irin jirgin da ya riƙa zuwa garinmu. Na ga ana rubuta HO da N da OO da S. Wanne zan ɗauka?

Ƙanenmu, wannan tambaya ce ta kamata kowa ya fara da ita. Haruffan sunayen ma'auni ne. HO kashi ɗaya ne cikin 87 na ainihin jirgi, OO ɗaya cikin 76, S ɗaya cikin 64, N kuwa ɗaya cikin 160. HO da OO dogo ɗaya suke hawa, mai tazarar milimita 16.5 tsakanin ƙarafansa biyu, N kuma milimita 9.

To, ga inda lissafin ya shafe ka. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya ƙare a Ƙaura a 1929 tsohon faɗi gare shi, ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Raba 1,435 da 87, za ka sami 16.5: HO ya dace da jirgin Abuja. Raba 1,067 da 64, za ka sami 16.7, wanda bai bambanta da 16.5 ba sai da ɗan abin da ido ba ya gani. Ma'ana, idan ka ƙera jikin jirginka a ɗaya cikin 64 ka ɗora shi a kan dogo da tayoyin HO, ka sami jirgin Ƙaura sak, mai faɗin jiki a kan siririn dogo. Masu wannan aiki a ƙasar Niyu Zilan da yammacin Ostareliya haka suke yi, don su ma faɗin dogonsu ɗaya ne da namu, kuma a rubuce-rubucensu za ka ga an sa masa suna Sn3½.

Mu shi muke ba da shawara, kuma ba don daidaiton kaɗai ba. A ɗaya cikin 64 mita guda tana zama milimita 15.6, mutum mai tsawon mita 1.7 ya zama milimita 26 da rabi. Abin yana da girman da reza da yatsa za su iya sarrafawa, kuma akwai wurin sa mota da batir a cikin kan jirgin. N ya yi ƙanƙanta ga mai yanka da hannu, kuma ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da shi.

Idan zanen da ka samu na HO ne, a faɗaɗa shi zuwa kashi 136 cikin ɗari. Na OO kashi 119. Na O na Amurka, wanda yake ɗaya cikin 48, a rage shi zuwa kashi 75.

Wani mai karatu daga Tsafe: Na yi taragai uku da kwali. Bayan mako biyu gefunansu sun lanƙwashe, kuma da sun zo kwana sai su sauka daga dogo.

Matsala biyu ce daban-daban, ɗan'uwa, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Lanƙwashewa daga ruwa take. Farin gam na kafintoci ruwa ne rabinsa. Idan ka shafa a fuska ɗaya ta kwali, wannan fuskar ta kumbura, ta bushe ta tsuke, sai ta ja ɗayar. Fenti a waje kaɗai ma haka yake yi. Maganinsa ka haɗa falle uku na kwali mai kaurin rabin milimita, irin na kwalin magani ko na shayi, maimakon falle ɗaya mai kauri. Kwali yana da gefen da ya fi saurin tanƙwaruwa. Ka juya na tsakiyar ya gitta wa na waje biyun. Shafa gam siriri, ka sa tsakanin gilasai biyu ko katakai masu santsi, ka danne da bulo har kwana ɗaya. Bayan ka yanka, kafin fenti, ka shafe ciki da waje da bakin yankan duka da banish da aka tsinka da tina rabi da rabi. Kwalin zai sha ya yi tauri har sandfefa ta iya cinsa. A cikin tarago ka sa bango na gitta kowane santimita biyar, ƙasan kuma ka yi shi da filawud mai milimita 3 ko tsohuwar rular katako.

Sauka daga dogo kuwa, abu uku za ka bincika, kuma a wannan jerin. Na farko tazarar tayoyi: daga bayan taya zuwa bayan ɗayar a kan sanda ɗaya ya zama milimita 14.5. Ka yanka ɗan guntun ƙarfe daidai wannan faɗi ka riƙa zura shi tsakanin kowace taya biyu. Idan tazarar ta ragu, tayar za ta ci karo a mararrabar dogo. Idan ta ƙaru, leɓen tayar zai hau kan ƙarfe a kwana.

Na biyu nauyi. Taragon kwali bai da nauyin da zai zauna a kan dogo. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, tana da ƙa'idar da za ka iya bi: giram 28 na farko, sannan giram 14 a kan kowane inci na tsawon tarago. A ce kana kwaikwayon tarago mai mita 12. A ma'auninmu milimita 187 ne, inci bakwai da ɗan ɗoriya, nauyinsa ya kama giram 130. Ka cike gibin da notuna ko washa, ka manne su a ƙasa can, a tsakiya, ba a rufi ba. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne taragan su yi kusan nauyi ɗaya. Marar nauyi a tsakanin masu nauyi biyu shi ake fizgewa daga kwana.

Na uku kujerar tayoyi, wato ɗan firam ɗin da ke riƙe da tayoyi huɗu a kowane ƙarshen tarago. Kada ka ɗaure sukurorin biyu daidai wa daida. Ɗaya ka ɗaure shi yadda kujerar za ta juya hagu da dama kawai, ɗayan ka sassauta shi rabin zagaye yadda za ta iya ɗan rangaji. Idan duka a ɗaure suke, da dogo ya ɗan karkace taya ɗaya za ta tashi sama. Idan duka a sake suke, taragon zai riƙa layi.

Game da tayoyin kansu, gaskiya ita ce su ne abin da ya fi wuyar yi da hannu. Idan kuɗinka na sayen abu ɗaya ne daga waje, su za ka saya. In ba hali, ka kai wa mai injin feƙe ƙarfe zane: faɗin da'irar taya milimita 12 zuwa 14, leɓe bai kai milimita ɗaya ba. Idan wuta za ta bi ta dogonka, dole taya ɗaya a kowace sanda ta zauna a kan ɗan bututun roba, irin bawon waya, in ba haka ba sandar za ta haɗe layukan biyu.

Wani mai walda daga Gusau: Zan iya yin dogon da kaina? Kuma wane irin tebur ake ɗora shi?

Za ka iya, kuma hannunka ya riga ya saba da zafi. Hanyar da mujallun suka daɗe suna koyarwa ita ce ta allon rediyo mai fuskar jan ƙarfe. A yanka shi sirara, tsawo milimita 32, faɗi 4, su zama matasan da dogo ke kwanciya a kai. Ba duka za su zama na allon ba: ɗaya cikin biyar ya isa, sauran huɗun a yi su da katako ko kwali mai kauri ɗaya da shi, a jera su milimita 11 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Ka fara liƙa ƙarfe ɗaya da dalma daga farko har ƙarshe, kana duba miƙewarsa da ido daga gefe guda. Sannan ka ɗora na biyun da ma'aunin da ka yi da guntun ƙarfe mai tsaga biyu, milimita 16.5 tsakaninsu. Dalmar ta zauna ta waje. In ta taru ta ciki leɓen taya zai riƙa tsalle a kanta. A ƙarshe ka ɗauki zarto ka tsaga fuskar jan ƙarfen kowane matashi a tsakiya, don kada wuta ta haɗe layukan biyu ta kansa. Wanda ya manta da guda ɗaya tak, fis zai riƙa ƙonewa ya rasa dalili.

Ƙarfen da ake sayarwa don wannan aiki mai lamba 100 tsayinsa milimita 2.5 ne, kuma wanda ake kira nikel silba ya fi tagulla, don dattin da yake yi ba ya tare wuta sosai. In babu, siririn fallen tagulla mai kaurin milimita ɗaya da tsayi uku, a tsaye a kan gefensa, yana aiki. Alminiyom ba ya kama dalma, kada ka ɓata lokaci a kansa.

Ka bar rata ta rabin milimita a kowace mahaɗa, kusan kowace mita guda. Zafin bazara yana miƙa ƙarfe, amma babban mai laifin katakon tebur ne: yana shan laima da damina, ya tsuke da hunturu, dogon da aka shimfiɗa ba rata sai ya yi doro a watan Janairu. Saboda haka ka shafe teburin da banish sama da ƙasa da gefuna kafin ka ɗora komai, ƙafafunsa kuma kada su zauna a kan ƙasa tsurarta saboda gara.

Filawud mai milimita 9 ya isa, da firam mai zurfin santimita 7 zuwa 10 da katakon gitta kowane santimita 40. Mutane suna son da'ira, amma da'ira tana cin wuri: kwana mai santimita 55 daga tsakiya zuwa dogo tana cinye faɗin fallen filawud gaba ɗaya, santimita 122. Tunda Ƙaura ƙarshen layi ce, ka yi koyi da ita. Kantar katako mai tsawon santimita 240 da faɗin 40 a jikin bango za ta ɗauki babban layi, da layin kewaye inda kan jirgi zai zagayo ya koma ɗaya ƙarshen taragai, da layin lodin gyaɗa da auduga. Aikin juya taragai a irin wannan tasha ya fi kallon jirgi yana zagaye daɗi nesa ba kusa ba. In za ka yi hawa, kada ya wuce santimita 2 a kowace mita.

Wani mai gyaran waya daga Talatar Mafara: Na sa motar tsohuwar DVD a kan jirgina. Ko dai ya ƙi tashi, ko ya fizga da gudu ya faɗi. In ya kwana biyu kuma sai ya riƙa tsayawa a hanya.

Motar tana juyi dubbai a minti ɗaya, kai kuma ɗari biyu da 'yan kai kake bukata. Ga lissafin: jirgi mai gudun kilomita 40 a awa, a ɗaya cikin 64, santimita 17 yake ci a daƙiƙa, wato mita guda cikin daƙiƙa shida. Taya mai faɗin milimita 14 tana cin milimita 44 a juyi ɗaya, don haka juyi huɗu a daƙiƙa ya ishe ta, kusan 240 a minti. Rage wuta ba zai kai ka can ba, sai dai motar ta rasa ƙarfi, shi ya sa take ƙin tashi. Giya ake sa mata ta rage juyin kamar sau ashirin zuwa talatin. Mafi sauƙi ka nemi 'yar motar nan mai haɗe da giyarta da ake kira N20, mai juyi 200 zuwa 300.

Wuta kuwa, bolt 12 ce iyaka, kuma ba a taɓa kusantar da wutar gida kai tsaye zuwa dogo. Batirin sola yana yi, amma yana iya narkar da waya cikin ƙiftawar ido idan layukan suka haɗu. Ka sa fis mai amfiya 2 dab da batirin, sannan ka jera ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan waya ɗaya da ke zuwa dogo. Jirgi na tafiya lafiya ƙwan ba zai kama ba. Da an sami haɗuwa zai haska ya shanye wutar, ya kuma sanar da kai. Don sarrafa gudu ka sa ɗan allon lantarkin da ake kira PWM, don gaba da baya kuma makunni mai ƙafa shida. Kowane yankin dogo ka ba shi wayarsa daga ƙasan tebur, kada ka dogara da mahaɗa ta wuce da wuta.

Tsayawa a hanya ƙura ce. Ka goge kan dogo da tayoyi da tsumma mai ɗan sifirit, ban da sandfefa, don ƙarzar da take bari ita ke tara datti. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin allura ya ishi kowane ƙarshen sanda. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo. In ka gama wasa ka rufe teburin da zane.

Ra'ayinmu dai, a ƙasar da hunturu ke yin wata uku yana zuba ƙura, gara batir ya hau jirgin. Ƙwaya ɗaya ta batirin litiyom mai lamba 18650 a cikin tarago na farko, da allon caji mai kariya irin TP4056 da ɗan makunni a rufi, sun raba ka da goge dogo da tsaga matasai da raba tayoyi da roba gaba ɗaya. Sai dai batirin litiyom ba ya son zafi: kada a bar shi a rana ko a ɗaki mai rufin kwano a rufe, kuma wanda ya kumbura ko bawonsa ya yage a jefar da shi inda ya dace.

Wata malamar firamare daga Bunguɗu: Ina so ɗalibaina su yi tasha da ƙauyen da ke kewaye da ita. Da me za mu yi ƙasa da itatuwa da rufin kwano?

Malama, a nan kun fi masu mujallun sa'a, domin abin da suke saye a leda ku a ƙofar makaranta yake. Ku ɗebo jar ƙasa da yashin rafi, ku shanya su bushe ƙarau, ku tankaɗe da matatar shayi. Ku bi ta kai da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Baƙin garin da zai manne masa shi ne wanda da zai shige cikin mota. Tsakuwar dogo ta gaske kamar santimita 5 ce, a ma'auninku ƙasa da milimita ɗaya, don haka yashi mai ɗan gari-gari ya yi. Ku baza shi a bushe da buroshi, ku fesa masa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke har ya jiƙe, sannan ku ɗiɗɗiga farin gam da aka dama da ruwa rabi da rabi. Idan ba a fara jiƙa shi ba gam ɗin zai dunƙule a sama ya tura yashin gefe. A bar shi kwana ɗaya, kuma kada gam ya shiga inda mararrabar dogo ke motsi.

Kuka da wayar lantarki mai silli da yawa ake yin ta: a murɗe gindin, a rarraba sillin su zama rassa, a naɗe gindin da takarda mai laushi da gam har ya yi kauri. Ganyen darbejiya kuwa, soson katifa da aka rina kore aka goga a jikin magogin kuɓewa ya bushe. Katangar ƙasa a yi ta da kwali a shafe da garin POP da aka kwaɓa da gam da jar ƙasa.

Kwanon rufi yana da tudu kowane milimita 76, wanda a ɗaya cikin 64 ya zama 1.2. Haƙoran bol ɗin noti mai lamba M8 tazararsu milimita 1.25 ce. Ku shimfiɗa takardar alminiyom mai ɗan kauri a kan guntun tsohon tib na taya, ku mirgina bol ɗin a kai kuna dannawa da katako, kwano zai fito da layukansa. Ku yanka shi falle-falle, milimita 12 da 38, ku jera daga ƙasa zuwa sama kowane yana hawa kan na ƙasansa. Tagogi daga murfin faifan CD, a manna da farin gam; sufa gulu yana sa su yi hazo fari.

Awon ginin tashar kuma ba sai kun hau tsani ba. Ku fenta sanda mai tsawon mita ɗaya baƙi da fari kowane santimita 10, a jingina ta da bango a ɗauki hoto daga nesa, mai hoton yana fuskantar bangon sosai, sai ku fitar da sauran awon daga hoton. Ku fara neman izinin ma'aikatan tashar kafin ku ɗaga waya, kuma yaran su tsaya nesa da dogo ko da an ce muku jirgi ba ya zuwa.